Teku Ba Kududdufi Ba Ce

Duk wanda ya koyi iyo a kududdufin bayan gari, ya rage cika baki kafin ya hau jirgin ruwan da ke tashi daga Darussalam zuwa Zanzibar. Tafiyar awa 2 ce kacal, amma tun ba a yi nisa ba ma'aikata ke zagayawa suna raba leda. Baƙo zai zaci tsaraba za a zuba masa. Ta amai ce. Igiyar ruwa na tasowa, Alhaji mai babbar riga ne zai fara neman ƙari, yana salati yana yafe wa duk waɗanda yake bi bashi.

Ka sauka da jiri, a ce kawo fasfo. Tun 1964 Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya, amma har gobe sai jami'an tashar sun duba.

Da magariba a Forodhani ake baza gasassun kayan teku kamar tukubar mai tsire. A miƙo maka wata halitta mai ƙafa 8, wai bismilla. Mutumin da ke cin fara da yaji ne fa zai tsaya yana tambaya ko ta halatta.

Babban abin haushin yana gaɓar gabas, wajen Paje. Ka biya kuɗin ɗaki mai kallon teku, ka farka ka tarar ta janye can nesa, mata na ta aikin ciyawar ruwa daidai inda ka yi niyyar wanka. Sai ta ɗebi sa'o'inta take dawowa, kuma mai masauki ba zai rage maka ko sisi ba.