Likitocin Mota a Gagarawa Tasha

Idan direba ya murɗa makulli sau uku a Gagarawa Tasha mota ba ta tashi ba, ya fito ya ɗaga bonet, to ya kira taro ke nan. Balle a ce Alhamis ce, ana rububin kasuwar Maigatari, an riga an cusa awaki a but ɗin tsohuwar fijo.

Na farkon zuwa shi ne Sarkin Batir. Tun bai ƙaraso ba ya yanke hukunci: "Direba, batirinka ya yi sanyi." Sai ya nemi dutse ya hau ƙwanƙwasa kan batir. A yi masa adalci, yana da ɗan uzuri. Idan taimin ya yi gaba, wuta kan sauka a fulogi tun fistin bai kai ƙololuwa ba, ta danna shi baya, kik ya riƙa nishi kamar ba caji. Amma ko batirin tirela aka jona, nishin nan dai za a ji.

Sai 'yan turi. Su maganinsu ɗaya ne ga kowace cuta. Cikinsu akwai mai turi tsakani da Allah, akwai kuma mai babbar riga da ke ɗora yatsu biyu a jikin mota yana cewa, "Samari, ku ƙara ƙarfi mana!" Direba ya saki kuloci, mota ta yi tari, salansa ta ce fau, kaji su watse. In ba a dakatar da su ba, sai sun kai ta bakin layin dogon da ya taho daga Kano ya nufi Nguru, sannan su turo ta baya.

Ɗan bumburutu da galan ɗinsa yake zuwa jaje. "Alhaji, ina ka sha mai? Ai shi ke nan, ruwa suka zuba maka."

Akwai kuma mai tsotsa. Ya zare tiyo, ya cika baki da fetur, ya fesa a kabireta, ya ce a buga. Mai dai ya yi yawa, fulogi ya jiƙe sharkaf, kuma in aka yi rashin sa'a kabireta ta yi atishawar wuta, sai ya koma gida ba gira.

Tsohon direba ba ya taɓa komai. Yana zaune kan benci zai ba da tarihin yadda aka fara harhaɗa fijo a Kaduna a 1975, da yadda ya ɗauko 504 da ledarta ya kawo Gumel. "Ɗana, ku ba direbobi ba ne, masu riƙe sitiyari ne." Hajiyar da ke kujerar baya kuwa ta gama bincikenta tuni: hannu aka sa wa motar, kuma a ba ta kuɗinta.

Wanda ya fi kowa haɗari shi ne yaron bakanike mai wata uku a gareji. Ya fizge wayoyin fulogi huɗu a lokaci guda, ya goge su da gefen riga, ya mayar da su bi da bi, 1-2-3-4, yadda aka koya masa ƙirga a firamare. Injin kuwa 1-3-4-2 yake cin wuta. Ɗazu ciwo ɗaya ne, yanzu ya zama biyu.

Can sai ga ogansa, yana sakace. Bai ce wa kowa kanzil ba. Ya kwance fulogi na ɗaya, ya toshe ramin da babban yatsa, ya sa a juya injin sannu a hankali har iska ta ture yatsan. Ya daidaita tsagar fuli da alamarta, ya buɗe murfin distiributa ya ga inda rota ta fuskanta, ya jera wayoyi daga nan. Ashe ƙusar da ke riƙe distiributa ce ta saki a gargadar hanya, ta goce. Ya murɗa ta kaɗan, ya ɗaure, ya busar da fulogi.

"Buga."

Bugu ɗaya ta tashi. Da ya faɗi kuɗinsa, direba ya riƙe baki: "Haba oga, don wannan 'yar murɗawar?" Kafin ya rufe baki mai babbar riga ya matso, yana tambayar na masu turi.