Bencin 'Yan Adawa

Mu a layinmu ba ma ɗaukar gasar Zakarun Turai da zafi sai an zo zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Daga Satumba zuwa Janairu, lokacin da ake ta tara maki, rabin bencinan gidan kallo babu kowa a kai, mai gidan yana gyangyaɗi a bakin ƙofa da gwangwanin canji a cinya. Balle yanzu da Turawa suka sauya tsari tun 2024, suka zuba ƙungiya 36 a tebur ɗaya, kowacce ta buga wasa takwas. Teburin nan ko akawu sai ya sa tabarau. Amma da zarar Fabrairu ta kama, aka ce daga yau wanda ya faɗi ya faɗi ke nan, sai ka ga mutanen da ka manta suna unguwar sun fito. Tela zai rufe shago da ɗinkin mutane a kan keke. Mai shayi zai bar wa yaronsa tukunya. Har dattijon nan da kullum yake cewa ƙwallo sana'ar marasa aikin yi ce za ka gan shi a tsaye a bakin ƙofa, wai ɗansa ya zo nema, kuma ba zai gan shi ba sai an tashi wasa.

Talata da Laraba ne ranakunmu. Alhamis ta waɗanda Allah ya jarrabta ce, masu buga Europa, kuma ba ma gaishe su da "ina wuni", sai dai "ya Alhamis?" A farkon zagayen ana take wasa ƙarfe tara na dare, mutum ya yi isha'i, ya ci tuwonsa, ya taho a natse. To amma a ƙarshen Maris Turawa suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, namu kuwa yana nan inda yake, sai wasa ya dawo ƙarfe takwas, yana gogayya da sallar isha'i. A nan samari suke gane limamin da yake da tausayi, kuma masallacinsa ne yake cika a waɗannan ranaku. Ga zafi. Kwata fainal da na kusa da ƙarshe a Afrilu da Mayu suke faɗowa, bazara ta kai maƙura, rumfar kwano ce, mutane cunkus, fanka biyu, ɗaya ma ado ce. Duk da haka ba ka jin wanda ya ce zai fita shan iska, don ya san kafin ya dawo wani ya gaji wurinsa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne lissafi. Yaron da ya gudu daga makaranta saboda lissafi, a da shi ne yake miƙewa a kan benci yana yi wa jama'a bayani: an ci mu biyu da ɗaya a can, in muka ci ɗaya da nema a gida mun wuce, in suka farke sai mun ci uku. Kuma ba ya kuskure. Dokar ƙwallon waje ce ta mayar da mu haka. Ita ce ta sa Iniesta ya fitar da Chelsea a 2009 da ƙwallo ɗaya tak a ƙurarren lokaci, aka tashi ɗaya da ɗaya a Landan bayan an yi canjaras babu ci a Barcelona. Har gobe in ka ambaci alƙalin wasan nan ɗan Norway a gaban ɗan Chelsea, sai ya ajiye kofin shayinsa ya fara ƙirga maka fenaritin da aka hana su da yatsu. Ita ce kuma ta sa Lucas Moura ya kwantar da yaran Ajax a kan ciyawa a 2019, bayan ya zura uku shi kaɗai a zagaye na biyu na wasan. Turawa sun soke dokar a 2021, amma a layinmu ba ta mutu ba. Akwai wani mai wankin hula da har yanzu in an fitar da ƙungiyarsa sai ya ce, "Wallahi in da dokar da ce, mu ne muka wuce." In ka zauna ka lissafa masa, sai ka tarar ko da dokar da ɗin ma fita za su yi.

Amma gaskiyar magana, a wurinmu wannan zagaye ba ya fitar da kowa. Ƙungiya ce take fita, mai ita yana nan daram. Ranar da aka kori taka, washegari ka koma bencin 'yan adawa, kuma a can daɗin yake, don babu abin da za ka rasa. Ɗan adawa ba ya son kowa, faɗuwar maƙwabcinsa kawai yake so. Ɗan Manchester United zai kwana yana yi wa Madrid addu'a in da City ko Liverpool take wasa. Ɗan Madrid ya taɓa zama ɗan Roma, ɗan Liverpool, ɗan Bayern, duk a cikin shekara uku, saboda Barcelona. Za ka ga mutum bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya a ƙungiyar da yake wa ihu ba, sai dai ya ce, "Ba wa baƙin nan! Ba wa mai gemun nan!" In aka ci, shi ne na farko a tsakar fili, hula a hannu. Kuma mai gidan kallo ya fi kowa sanin darajarsu. Magoya baya na gaskiya wani lokaci tsoro yakan hana su zuwa, su laɓe a ɗaki da waya. 'Yan adawa kuwa ba sa fashi, kuma da wuri suke biya.

'Yan Barcelona su suka fi shan wannan benci, kuma su suka jawo wa kansu. A Maris ɗin 2017, da PSG ta zuba musu huɗu a Faris suka rama da shida da ɗaya, Sergi Roberto ya ci ta ƙarshe ana shirin busa tashi, sai da suka hana unguwa barci. Wata guda ba mu sha ruwa ba. To tsiyar ƙwallo adashi ce, kowa da ranar kwasarsa. Shekara ta zagayo, suka ci Roma huɗu da ɗaya, suka je Italiya aka ba su uku babu ko ɗaya, Manolas ya sa kai ya sallame su. Muka ce to an rama, a bar maganar. Ashe somin taɓi ne.

Telanmu ɗan Barcelona ne na a mutu. A 2019, da suka ci Liverpool uku da nema a gida, Messi ya buga wannan bugun tazara daga nesa, sai ya fara tambayar mutane nawa ne kuɗin jirgi zuwa Madrid, inda za a yi wasan ƙarshe. Wasa na biyu ya faɗo a farkon azumi, kuma Liverpool babu Salah babu Firmino. Ya ce shi ba zai ɓata tarawihinsa a kan wasan da aka riga aka gama ba. Ya yi sallarsa a tsanake, ya biya ya sayi ƙanƙara, ya shigo ana hutun rabin lokaci, ana ɗaya da nema. Ya zauna, ya kwance bakin leda. Wijnaldum ya ci, kafin ya haɗiye ruwan bakinsa ya sake ci. Sai ga wannan bugun kusurwa, Trent ya yi kamar zai bar wa wani, ya juyo ya turo ta ƙasa, 'yan bayan Barcelona suna ta kallon juna, Origi ya ɗora ta a raga. Ledar ƙanƙarar tana hannunsa har aka tashi, ta narke ta jiƙa masa wando bai sani ba.

Washegari aka yi masa abin da muka saba. Ba a yi masa ihu ba, wannan aikin yara ne. Manya layi suka yi, kowa ya cire takalmi a ƙofar shago, ya durƙusa. "Malam, ya haƙuri?" "Ashe haka abu ya faru. Allah ya ba da dangana." Wani ya tambaya ko an sa ranar sadakar uku. Shi kuwa yana taka keke, kansa a sunkuye, yana amsawa da "Na gode, Allah ya ba da lada," don ya san in ya tanka ya ƙara wa kansa kwana bakwai. Shekara ɗaya bayan haka Bayern ta yi musu takwas da biyu a Lisbon, lokacin korona da aka mayar da zagayen wasa ɗaya tal. A wannan karon ko gaisuwar ba a je ba. Mai shayi ya ce abin ya wuce wasa, a bar bawan Allah ya ji da kansa.

'Yan Madrid kuma wata irin halitta ce. Ba sa tashi daga benci ko ana cin su biyu saura minti ɗaya, kuma abin haushin shi ne sau da yawa suna da gaskiya. A Mayun 2022, muna cikin hidimar ƙaramar sallah, City tana gaba da ƙwallo biyu a jimilla, 'yan adawa har sun fara sa takalma don su riga kowa zuwa teburin mai shayi. Rodrygo ya ci biyu a jere cikin abin da bai kai minti biyu ba, Benzema ya ƙarasa da fenariti a ƙarin lokaci. Tun daga ranar in ka kawo wa ɗan Madrid hujja, ba ya musu da kai, lambar kofunansu kawai zai faɗa maka. A 2024 lambar ta zama 15. 'Yan Arsenal su ne masu haƙurin unguwa. Kaka bakwai a jere, daga 2011 zuwa 2017, a zagayen 'yan 16 ake sallamarsu, ta ƙarshen ma Bayern ce ta yi musu goma da biyu gida da waje. Shi ya sa da Declan Rice ya zuba wa Madrid bugun tazara biyu a 2025, har mu da ba ruwanmu sai da muka bar su suka yi kwana uku suna magana.

Akwai wata azaba da sai mai kallo a unguwa ya san ta. Gidan kallon bayan layinmu hotonsu yana riga namu da 'yan daƙiƙoƙi. Ana shirin buga fenariti, ɗan wasa bai ko ja da baya ba, sai ka ji ihu ya tashi daga can. Sai a tsaya ana fassara ihun: na ci ne ko na ɓarar wa? Su waye suka fi yawa a can, magoya baya ko 'yan adawa? Yanzu kuma ga VAR, ka yi tsalle ka zubar da shayin wani, ka ba shi haƙuri, sannan a zana layi a ce satar gida ce. Matan gida kuwa ba sa bukatar talabijin. Daga yadda maigida ya buga ƙofa sun san sakamako. In ya shigo yana tambayar ko akwai sauran tuwo, an wuce. In ya ce wa ya bar bokiti a hanya, an fita.

Sau ɗaya na san bencin adawa ya zama kango, a 2009, kuma ba a kan Turawa ba ne. Kano Pillars ce ta haɗu da Al Ahly ta Masar a gasar Zakarun Afirka, Al Ahly mai riƙe da kofi, ta su Aboutrika. Aka yi ɗaya da ɗaya a Najeriya, kowa ya ce shi ke nan, a je Alƙahira a karɓi rabo. Sai aka tashi biyu da biyu, ƙwallon wajen nan da muka haddace a kan Turawa ta yi wa Pillars, Masu Gida, aiki. Ranar ɗan Chelsea da ɗan Barcelona a babur ɗaya suka zagaya gari. Pillars ta wuce rukuni, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, sannan Heartland ta Owerri ta yi mata huɗu a can, ɗaya a gida. Ita ma Heartland ɗin ƙwallon waje ce ta hana ta kofi a hannun TP Mazembe ta Kwango.

Ni dai ina ganin muna yi wa gasar Afirka rowar ido, alhali in rikici da tashin hankali muke nema, can ne gidansu. Har yanzu muna yabon Van Gaal don ya canja gola saboda bugun fenariti a Kofin Duniya na 2014, bayan Enyimba ta yi haka tun 2004, ta cire Enyeama ta sa Aiyenugba, ta doke Étoile du Sahel a Abuja, ta ɗauki kofi karo na biyu a jere. A wasan ƙarshe na 2019 a Tunisiya aka soke wa Wydad ƙwallo, suka ce a duba VAR, aka ce na'urar ba ta aiki, suka ƙi ci gaba da wasa, aka miƙa wa Espérance kofi. Da a Turai aka yi wannan, da har yau muna kansa. Kuma a Afirka ba a soke ƙwallon waje tare da Turawa ba. Da ita Sundowns ta fitar da Al Ahly a Alƙahira a 2025, Al Ahly mai kofi 12.

Na kai wa mai gidan kallonmu wannan ƙorafi, na ce ya riƙa saka mana na Afirka ko a ƙaramar talabijin ɗin gefe ce. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, zan saka. Amma ka fara samo min mutum goma da suka tsani Sundowns, su biya kuɗin mai."