Ire-iren Masu Hawa Keke Zuwa Kallon Tsuntsaye

Masu hawa keke zuwa kallon tsuntsaye daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna da zango biyu, na kusa da na nesa. Na kusa shi ne a miƙe titin Zariya daga Dangi bayan sallar asuba, a sauka gadar Tamburawa a bakin kogin Challawa, mai sauran ƙarfi kuma ya zarce gonakin shinkafar Kura da Kadawa. Na nesa shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, wanda sai an ɗaure keken a saman mota, a sauke shi a can. Fadamar nan ce matattarar agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin taɓo da ke gudo wa sanyin Turai da Asiya, su keto Sahara su iso wajen Oktoba, su juya gida a Maris ko Afrilu. Saboda su aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta Jigawa da Dagona ta Yobe suka biyo baya a 2008.

Duk wanda ya shiga harkar nan sai ya sha tambaya guda, daga mai shayin bakin layi har uwar 'ya'yansa: "To, in ka gan su, sai me?" Da irin amsar da kowa ke bayarwa ake rarrabe su.

Na farko shi ne mai kayan aiki, wanda ba ya amsa tambayar, sai dai ya nuna kayansa. Kekensa ɗan gwanjo ne mai giya 21, amma biyu kaɗai ya iya sakawa. Yana da hular kwano, da gorar ruwa, da safar hannu, da madubin hangen nesa wanda ya fi keken tsada. Babbar matsalarsa matsattsen wando ne: ba ya iya fita layi da shi gaban surukai, ba ya iya shiga sahu da shi, don haka kullum akwai jallabiya a naɗe a jakarsa. Idan aka ce masa "ga zalɓe can," kafin ya zuge jaka, ya cire murfi, ya goge gilashi, ya daidaita, zalɓe ya kai Wudil. Mafi yawan abin da yake gani da madubin nan tifofin yashi ne da masu wankin babur.

Na biyu mai ƙidaya ne, galibi ɗalibi ko malamin sashen nazarin halittu. Amsarsa ita ce, "Sai in rubuta." Shi kaɗai ne a ayarin yake aikin da wani ke jira, domin kowane Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama lokaci guda, kuma tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take tattara taswirar tsuntsayen Najeriya daga abin da 'yan sa kai ke turawa ta waya. Aibinsa shi ne ba ya yarda da idonsa sai littafi ya sa hannu. Kirinjijiya za ta wuce tana fito da bakinta, yaro ɗan shekara 7 ya faɗi sunanta, shi kuwa yana can yana buɗe shafi yana neman sunan Latin. Ba ya son a yi tari kusa da shi, ba ya son farar riga, kuma ƙararrawar keke a wurinsa laifi ce babba. Idan garke ya tashi yana tsakiyar ƙirga, sai ya dubi na kusa da shi da idon tuhuma, ya koma daga ɗaya. Mata ɗalibai na wannan rukuni sukan zo a motar makaranta, su gama ƙidayarsu su cike takarda, maza na can suna musu a kan agwagwa guda.

Na uku, wanda ya fi kowa daɗin tafiya da wahalar rabuwa, shi ne dattijo mai tsohon Rali. Tsohon ma'aikaci ne, keken kuma baƙi ne mai birkin ƙarfe, an naɗe sirdinsa da tsumma, an ɗaure buta a kariya. Hawansa na natsuwa ne, babbar riga a tattare a kafaɗa, amma samari masu giya 21 sukan tarar da shi a Tamburawa ya riga ya shimfiɗa darduma. Ba shi da madubi, ba shi da littafi. Ya san dinya da ɗani, ya san jinjimi, ya san zakaran ƙeƙuwa da ihunsa na tona asirin duk mai saɗaɗowa, ya san cewa in shamuwa ta sauka a kan kuka to a fara gyaran gona. Amsarsa ga tambayar nan gajera ce: "Sai in yi tasbihi."

Sai dai kowace magana tasa da "a da" take farawa. A da gauraka na yawo a fadama, yanzu sai a gidan zu na Audu Bako ko farfajiyar wani attajiri. A da ungulu ta cika mayanka, yanzu yaro sai ya girma bai ganta ba. Abin da ke ba samari haushi shi ne yawanci gaskiya yake faɗa. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, da na Challawa a 1992, sun canza ɗabi'ar kogin Haɗeja: ambaliyar damina da ke shimfiɗa fadama ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana har da rani a inda da yake ƙafewa. Ciyawar kacalla ta samu abin da take so, ta toshe mashigai, ta cinye gonaki da wuraren su. Dattijon yakan kai ƙarshen wannan bayani ne daidai lokacin da ake son a yi shiru, kuma in an dawo ta Hotoro sai ya nuna ofishin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da haɓa, ya sake ɗauko zancen daga farko.

Na huɗu mai tukunya ne. Shi ba a yi masa tambayar, shi ke yin tasa: "Malam, wannan ana cin ta?" Kowane tsuntsu a wurinsa nauyi ne da romo. Dinya ta ishi gida guda, fakara sai da yaji, balbela ba ta da nama. Ya rantse ya bar danƙo a gida, amma aljihunsa na dama ya fi na hagu kumburi. Idonsa ya fi na kowa kaifi, shi ya sa mai ƙidaya ke jure masa, yana gano abin da madubi bai gano ba. Kakansa, in ji shi, maharbi ne mai ɗaura kan burtu na itace a goshi, ya yi rarrafe cikin ciyawa har ya shiga tsakiyar garke. A Dagona, inda ma'aikatan gandun daji ke sintiri, akan sa shi a tsakiyar ayari, a kuma riƙe masa jaka.

Akwai wasu biyu da ba sa buƙatar dogon bayani. Mai hoto yana juya wa tafki baya ya ɗauki fuskarsa, ya sa a Facebook kafin rana ta ɗaga, ya rubuta cewa Yarima Philip na Ingila ma ya zo Dagona a 1989. Wannan gaskiya ne, kuma ita kaɗai ya sani game da wurin. Wanda likita ya tura saboda sukari ko hawan jini kuwa ba ruwansa da tsuntsu. Gumi ya zo nema, in ya samu sai ya zauna gindin mangwaro ya rama da gurasa da rake. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan rukuni ya samu ƙarin mutanen da lafiyarsu ƙalau, aljihu ne ya rubuta musu keke, amma suna cewa motsa jiki ne.

Duk waɗannan baƙi ne. Mai masaukinsu shi ne manomin shinkafa, wanda ya fi su duka kallon tsuntsu, kuma babu wanda ke kiransa mai kallon tsuntsaye. Daga lokacin da shinkafa ta fara nono, shi da 'ya'yansa suna gona tun duku-duku har magariba, an ja igiyoyi daga kunya zuwa kunya, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ana ja ana ihu. Abokin gabarsa jan baki ne, ɗan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba, amma masana na ƙiyasta yawansa a Afirka da kusan biliyan ɗaya da rabi, kuma kacallar nan ce makwancinsa. Garke guda kan share gona kafin a dawo daga sallar azahar, har gwamnati kan tura jirgi ya yi musu feshi. Saboda haka idan manomi ya ga mutane da huluna da littafi sun jingine kekuna a bakin gonarsa, abin da ke zuwa ransa shi ne an turo jami'ai.

"Sannunku da zuwa, yallaɓai. Na feshi ne ko na tallafi?"

"A'a, Baba, kallo kawai muka zo."

"Kallo? To, Allah ya ba da sa'a. Ga igiya nan, in kuna kallon ku riƙa ja."

Mai ƙidaya kan yi ƙoƙarin bayyana masa cewa jan igiya zai ɓata ƙidaya. Mai tukunya kuwa nan take suke fahimtar juna da manomi, domin jan baki ana kama shi da raga a soya, kuma a kan wannan batu ba su da saɓani.

Rukuni na ƙarshe ba ya zuwa fadama ko kaɗan, amma babu tafiyar da ke kammala ba tare da shi ba: mai faci. Hanyoyin gefen kogi cike suke da ƙaya, tayar keken gwanjo kuwa siririya ce. Yana zaune bakin titi da kwanon ruwa da famfo da gam, yana nutsa tub yana neman inda kumfa ke fita, ayari na tsaye a kansa kowa na ba shi labarin abin da ya gani. Farashinsa hawa biyu ne: mai tsohon Rali yana biyan kuɗin unguwa, wani lokaci ma a ce ya bar shi, mai hular kwano kuma yana biyan ninki, har da kuɗin iska.