Taya ba sallama ba ce

Mu nan Lafani, in kakar ƙwallon Turai ta ƙare, ba hutu muke samu ba. Gidan kallo ya yi tsit, teburin mai shayi ya ɗau zafi, domin an buɗe kasuwar 'yan wasa. Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta kowa dillali ne. Wanda ko shayin jiya bai biya ba, shi ne mai cewa miliyan 60 ta yi kaɗan, a ce musu albarka.

Jita-jita kuwa ba ta tsayawa shingen kwastan. Ta Ingila ta shigo ta Facebook, ta Faransa 'yan Ƙonni su ƙetaro da ita bisa babur, kowa da gishirin da ya ƙara.

Abin dariyar, mu 'ya'yan kasuwar Illela ne. Yaro ma ya san in an taya sa ranar Lahadi ba a saye shi ba ke nan, sai mai shi ya ce ya sallama. Amma da an ce Chelsea ta taya Osimhen, sai hankali ya tashi. Ranar ƙarshe ta kasuwar Agustan 2024 wasu ba su yi barci ba. 'Yan Chelsea na rantsuwa yaro ya kama hanyar Landan, wasu na cewa Al-Ahli ta Saudiyya ta gama da shi. Gari ya waye, Al-Ahli ta ɗauki Ivan Toney, Chelsea ta tashi a tutar babu, shi kuwa bayan 'yan kwanaki sai ga shi aro a Galatasaray ta Turkiyya, inda babu wanda ya ambata.

Har yau in an taɓo maganar sai an raba gari.

"Kawu, wanga yaro hwa kyauta anka ba Turkawa shi," in ji wani matashi. "Shi yac ci ma Napoli kofin lig na Italiya a 2023, wanda rabonsu da shi tun 1990. Ƙwallo 26! Shekaran nan shi az zakaran Afirka. Sannan a ce Yuro miliyan 75 Galatasaray ta biya a 2025? Caicedo hwa, da Chelsea ta zuba ma fam miliyan 115?"

Baƙonmu na Ƙonni ya latsa waya, ya ce Yuro ɗaya sefa 656 ce, ke nan kuɗin Osimhen sun haura jikka miliyan 49. "Wagga ita ce kyauta? Allah shi ba mu irinta!"

Wani dattijo da ya tsufa cikin dillancin shanu ya kurɓi shayi, ya ce, "Ɗana, ba ƙwallon da yaro yac ci ake saye ba, wadda ake zaton zai ci ake saye. Ana duban shekarunai, da sauran kwantiraginai, da ko shina yawan ciwo, da albashin da zai ci. Sannan a dubi wa ya matsu, mai saye ko mai saidawa. Mbappe da kuke ma kirari, ko sisi Real Madrid ba ta ba PSG ba a 2024, don wa'adinai ya cika. To sai ku ce bai da daraja?"

Nan ne ake tsokanar ɗan Ƙonni, mai son PSG. An tuna masa Yuro miliyan 222 da suka kai wa Barcelona a 2017 don Neymar, kuɗin da har yau ba a biya irinsu ba, amma kofin zakarun Turai ya ƙi zuwa. Sai da Neymar ya tafi, Mbappe ya bi shi, sannan suka lallasa Inter da ci biyar ba ko ɗaya a 2025. Shi ko ya ce ai kofi dai na gidansu, 'yan Arsenal su yi magana in suna da baki.

Ba a tashi sai an kawo namu, Ahmed Musa. Wani ya ce Leicester ta yi asara da ta saye shi wajen fam miliyan 16 a 2016, don benci ya fi ɗumamawa har aka mai da shi CSKA aro. Nan take aka yi masa caa: ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018, nawa ne kuɗinsu? Mutumin da ya dawo ya sa rigar Kano Pillars, da wane ma'auni za ka auna shi? A nan kam lissafi ba ya aiki, ƙauna ce ke magana, kuma mun sani.

Dattijon dai yana da fatawa guda da ba ya canzawa. Ya ce rabin labaran nan wakilan 'yan wasa ke sakinsu don farashi ya hau, irin "wani Alhaji ya taya mini fiye da haka". Ƙungiya na iya asara, ɗan wasa na iya nadama, mu kuma mu ɓata da juna a banza.

"Mai la'ada kaɗai ba ya kwana da ciwon kai," in ji shi. "Na sani, don sana'ata ce."