Ka Ce Duk Ranar Da Ka Ga Dama Za Ka Daina?

Gwanin dainawa! Labarinka ya iso mana: wai kai ba ka kamu ba, ɗan taɓawa kawai kake yi, kuma duk ranar da ka ga dama za ka watsar. Madalla! To Malam, ita damar nan ina ta maƙale? Azumi ya zo, ka ce sai bayan Sallah. Sallah ta wuce, ka ce sai ka yi aure. Ga shi ana shirin yaye na biyu, dama ko leƙowa ba ta yi ba. Ko mu kai cigiyarta gidan rediyo?

Ka ce ai naka magani ne, a kemis ka saya? Haba dai! Kodin ɗin da ke cikin maganin tari, da ya isa hanta sai ta mayar da wani sashensa mofin, ɗan'uwan hiroyin na jini. Jiki kuma yana sabawa, shi ya sa kwalbar da ta kwantar da kai bara, bana ko hamma ba ta sa ka. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, na bayan tasha kuwa 225 aka buga a jikinsa. Tun 2018, bayan rahoton binciken BBC, gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kai har yau tarin bai sake ka ba? Kuma ba wanda ya taɓa jin ka yi shi!

Kai mai taba, na ga kana murmushi. Wa ke riga dabino zuwa bakinka in an kira magariba?

Ka ce shaye-shaye harkar 'yan iska ce, kai kuwa ɗan gidan mutunci ne? Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha ƙwaya a cikin shekara guda, ba a ma lissafa giya da taba ba. Ɗaya cikin huɗu mace ce. In duk 'yan iska ne, ai da tuni rufin ƙasar nan ya yaye.

Ka ce in ka faɗa gidan mari za a kai ka? Nan kam tsoronka yana da tushe. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Amma wa ya ce nan kaɗai ne hanya? Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Hukumar NDLEA ma, bayan kame, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali.

"Ni, asibitin mahaukata?" Au! Kwana a bakin kwata bai zubar maka da girma ba, sai yankar kati? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam.

Ka ce za ka kulle kanka a ɗaki ka yi ta maza, ka haɗa da addu'a? Addu'ar kam riƙe ta gam, amma tafi da ita wurin likita. Wanda ya daɗe yana kwankwaɗar giya, in ya yanke lokaci ɗaya, rawar jiki da farfaɗiya na iya kama shi, har rai ya salwanta. Mai kodin da tiramol kuwa zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci ne ke kora shi gindin dila kafin mako ya zagayo. Likita ya san yadda ake sauko da mutum a hankali.

Ka ce ai ka sha dainawa kana komawa, don haka ba amfani? Tsaya! Ashe akwai abin dainawa? Ɗazu ka ce ba ka kamu ba! Komawa ba abin mamaki ba ce a wannan ciwo, masu jinyarsa sun san da ita, kuma ba ta hana a sake ɗaura ɗamara.

Tunda bakinka ya riga ya suɓuce a gabana, saura ka maimaita a gaban wanda zai raka ka asibiti: Hajiya, ko yayanka, ko matarka. "Na kamu, ku taimake ni." Kada ka damu da yadda za su ji. Sun daɗe da sani, kai kaɗai ake jira.