Ladubban Shan Kaye a Hannun Uban Dodanni: Nasiha ga Samarin Zongon Lome

Malaman da suka gabace mu, Allah Ya jiƙansu da rahama, ba su bar wani babi na zaman duniya ba face sun tsara masa ladubba, tun daga cin abinci da shiga kasuwa har zuwa gaida mara lafiya da saukar baƙo. Amma da yake a zamaninsu ba a san kwamfuta ba, balle wasannin da ke cikinta, sai ya zamana akwai wata jarrabawa guda da ke samun samarinmu na Zongon Lome wadda har yau ba a rubuta mata ladabi ba, watau halin da yaro kan shiga idan ya shafe makonni yana ratsa ramukan ƙarƙashin ƙasa, ya kai ga uban dodanni, sa'an nan a yi masa bugu uku a shimfiɗe shi a gaban abokansa. Na ga ya wajaba wani ya ɗauki alƙalami a kan wannan, domin ɓacin ran da ke biyo baya na gaske ne, kuma linzamin kwamfutar mai shago ba shi da laifin komai.

Wasan da nake nufi shi ne Diablo, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a daidai ƙarewar 1996 da shigowar 1997, aka kuma yi na PlayStation a 1998. Na sani galibin yaran unguwa wasan ƙwallon ƙafa ya ɗauke musu hankali, amma akwai 'yan tsiraru masu dogon numfashi waɗanda suka iske wannan tsohon wasa a cikin tsofaffin kwamfutocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Lome, ko suka samo shi wajen masu gyaran na'ura a unguwar Dekon, suka kuwa riƙe shi da hannu biyu. Labarinsa gajere ne. Akwai wani ƙauye da ake kira Tristram, a gefensa akwai tsohon coci, a ƙarƙashin cocin kuwa akwai hawa 16 suna gangarawa cikin ƙasa: huɗu na farko ginin cocin ne, huɗu maƙabarta, huɗu koguna, huɗun ƙarshe kuma ramin wuta, inda shi Diablo yake zaune a can ƙurya yana jiran duk wanda ƙarar kwana ta kawo. Mai wasa zai zaɓi ɗaya daga cikin mutum uku, ko mayaƙi mai takobi da garkuwa, ko maharbiya mai baka, ko boka mai sanda, kuma duk lokacin da aka fara sabon wasa sai na'ura ta sake fasalin ramukan, har ya zama hanyar da abokinka ya haddace jiya ba za ta amfane ka da komai ba yau.

Ladabi na farko, ya kai ɗana, yana zuwa ne tun kafin a kayar da kai, shi ne ka tabbata ka cika sharuɗɗan tafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sauka hawa na 16 da sulken da ya kusa tsinkewa, da ɗamara rabinta wofi, ba shi da hujjar kuka idan abin ya same shi, tun da shi ya kai kansa. A cikin ƙauyen nan an ajiye maka duk wanda kake bukata: ga Griswold maƙeri mai gyaran makamai, ga Pepin mai magani wanda ke warkar da kai kyauta kuma yake sayar da jajayen kwalabe masu mai da lafiya, ga Adria a bukkarta ta bayan gari mai shuɗɗan kwalabe da layu, ga dattijo Cain a bakin rijiya wanda kan karɓi zinariya 100 ya gaya maka sirrin kowane zobe da ka tsinto. Ɗamararka gurbi 8 gare ta, kuma kowane gurbi da ka bari babu kwalba a ciki, ka sani ka bar wa Diablo sadaka ne. Ko Bayajidda, da dukan jaruntakarsa, bai tunkari macijin rijiyar Kusugu a Daura ba sai da ya biya ta wajen maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa. To, kai wane ne da za ka wuce Griswold ba ko sallama?

A nan ne kuma ya kamata in tsaya in yi magana a kan rowa, domin ita ce cutar da ta fi kashe 'ya'yan Zongo a wannan wasa, kuma ina zaton na san asalinta. Mu jikokin fatake ne, waɗanda suka gangaro da shanu daga arewa suka koma da goro, an kuwa rene mu a kan cewa uwar kuɗi ba a taɓa ta. Wannan tarbiyya ce mai kyau a babbar kasuwar Asigame, amma a ƙarƙashin Tristram halaka ce tsantsa. Sai ka ga yaro ya cika jakarsa mai gurbi 40 da tulin zinariya, kowane gurbi na ɗauke da 5,000, har babu inda zai sa kwalbar magani, yana tafe yana lissafin riba, alhali kuwa daga hawa na 16 babu sauran kasuwa, kuma Diablo ba ya karɓar fansa. Ka zubar da dukiyar nan a tsakar ƙauye in ka ga dama, ba mai ɗauka. Ka sayi magani har sai jaka ta ƙi rufuwa. Abin da kawai na yarda ka yi wa rowa shi ne Wirt, yaron nan mai ƙafar katako da ke zaune a gefen gari, wanda sai ka biya shi zinariya 50 kafin ma ya nuna maka hajarsa, ko ka saya ko kada ka saya. Da a Zongo yake wannan sana'a, da dillalai sun daɗe da kai ƙararsa gaban mai unguwa.

Sa'an nan sai al'amarin ajiye wasa, wanda fitinarsa ta fi ta dodon kansa. Mai wasa shi kaɗai wuri guda tak yake da shi na ajiya, duk sabuwar ajiya kuwa tana shafe ta baya. Saboda haka wanda ya firgita a tsakiyar yaƙi, jininsa ya kusa ƙarewa, barade sun kewaye shi, ya danna ajiya a wannan hali, to ya ɗaure kansa da igiyar da zai daɗe bai kwance ba, domin duk lokacin da ya dawo a nan zai farka, a nan kuma za a sake kashe shi kafin ya ɗaga hannu. Ka yi ajiyarka a cikin gari, ko a bakin matakala inda babu kowa, da cikakkiyar lafiya da natsuwar zuciya, ka kuma yawaita ta, tun da kowa a unguwar nan ya san wutar lantarki ba ta yin sallama in za ta tafi.

Idan ka kashe maƙiyin da ake kira Lazarus a hawa na 15, hanya ta buɗe, ka sauka, ka ja sandunan da ke buɗe bangayen, to ka sani Diablo ba shi kaɗai yake ba, kuma mafi yawan waɗanda ke cewa shi ya kashe su, in an bi diddigi, fadawansa ne suka gama da su. Akwai barade masu baƙin sulke, akwai kuma bokaye masu jifa da dunƙulen wuta waɗanda da ka matso sai su ɓace su ɓullo a wani wuri. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Hikima ita ce ka buɗe ƙofar komawa gari da layarka a wani lungu da ka riga ka share, sa'an nan ka riƙa jawo su ɗaya-ɗaya zuwa bakin kusurwa, ka gama da wannan kafin wancan ya gan ka, har sai uban gidansu ya rage daga shi sai halinsa. Ka tuna jaruminka ba ya gudu, tafiya kawai yake yi ta kasaita ko da duniya na ci da wuta a bayansa, don haka ja da baya sai an fara shi da wuri. Kada boka ya ɓata ƙarfinsa wajen sihirin mai da maƙiyi dutse, ba ya kama Diablo. Amma ɗan ƙaramin sihirin nan da ake kira Holy Bolt, wanda yara ke rainawa domin sun ɗauka na kashe ƙwarangwal ne kawai a hawan farko, yana cinsa sarai. Ja da baya zuwa gari domin a cika ɗamara ba abin kunya ba ne, kuma duk ɗan kallon da ya kira ka matsoraci saboda haka, ka miƙa masa linzami ka ga iyakar tasa bajintar.

To, in duk ka cika waɗannan, amma aka ƙaddara sai ka faɗi, allon ya yi ja, jaruminka ya yi ƙara ya kife, a nan ne ainihin ladubban suke farawa. Ka ɗauke hannunka daga kan na'ura tukuna, ka ɗora bisa gwiwa. Kada ka doki tebur, kada ka ja wayar linzami, kada ka ɗora wa mai shago laifi cewa kwamfutarsa ta tsufa, alhali wasan da kansa ya girmi kwamfutar. Kada kuma ka ce ƙanenka ne ya yi tari a bayanka. Ka yi shiru gwargwadon abin da za a sha kofin shayi guda, sa'an nan ka tambayi kanka, tambaya ta gaskiya ba ta neman uzuri ba, shin mene ne ya kashe ni: ƙarancin magani ne, ko gaggawa, ko tsayawa a fili inda bokaye biyar ke hangena? Wanda ya amsa wannan ya ci ribar faɗuwarsa. Wanda kuwa ya sake afkawa nan take cikin fushi, da ɗamarar da ba a cika ba, zai sha kaye na biyu wanda ya fi na farko ciwo, kuɗin awarsa kuma na tafiya.

Akwai abin lallashin zuciya ga wanda abin ya dame shi ƙwarai, shi ne ya dubi waɗanda suka riga shi shiga irin waɗannan ramuka. A wasan Rogue na 1980, wanda ake ɗauka kakan wannan zuriya, in jaruminka ya mutu to ya mutu ke nan, babu ajiyar da za a koma, sai a fara daga hawa na farko da sabon mutum. A Wizardry na 1981 sai jama'ar mayaƙa sun gangara hawa 10 kafin su iske boka Werdna, kuma in aka hallaka su a can, gawarwakinsu na nan kwance har sai an tara wata runduna ta je ta kwaso su. Kai da aka ba ka damar dawowa sau nawa ka so, kana cikin ni'ima. Kuma ina roƙonka, kada ka shiga gida da fuska a murtuke har kakarka ta tambaye ka wa ya rasu, domin wannan tsohuwa tana cikin waɗanda suka ga an tashe tsohon Zongo daga tsakiyar birni a 1977, aka kwashe jama'a zuwa bayan gari ta arewa, wajen Agoe, suka sake kafa gida da masallaci da kasuwa daga fili; in ka ce mata wani jan dodo ne na cikin akwati ya ɓata maka rai, amsar da za ta ba ka sai ta fi bugun Diablo zafi.

'Yan kallo ma suna da nasu haƙƙin da za su sauke. Makaruhi ne mutum biyar su tsaya a kan mai wasa kowa na ba da umarni, wannan na cewa sha magani, wancan na cewa sare shi, har ya rasa na wa zai bi. Dariya halal ce bayan an faɗi, amma a jinkirta ta har mai wasa ya fara murmusawa da kansa, kuma kada a kai labarin majalisar masu shayi kafin shi ya iso. Wanda ya taɓa kashe Diablo a cikinku, zakkar iliminsa ita ce ya zauna kusa da ƙaninsa ya nuna masa kusurwar da ake tsayawa; in kuwa na PlayStation ne a shagon, ai an yi shi yadda mutum biyu za su shiga tare, sai ya ɗauki ɗaya hannun ya raka shi.

Abu guda ne ba na sassauci a kansa. In ladan ya kira salla kana tsakiyar hawa na 16, ka dakatar da wasa ka tashi. Diablo ya shekara fiye da 25 yana zaune a ɗakin nan, ba zai gaji da jiranka na minti 10 ba, kuma na lura hannun da ya taɓa ruwan alwala ya fi natsuwa a kan linzami. Haka nan in mahaifiyarka ta aike ka sayen koko da ƙosai, ko maigidanka na jiranka a rumfa, aiken ne farilla, dodo nafila.

Wanda bai kai ƙarshen labarin ba kuma ba ya son a gaya masa, ya tsallake wannan sakin layi. Jarumin da ya yi nasara, bayan ya kashe Diablo, yakan ciro wani dutse daga goshin gawar ya soka a nasa goshin, da nufin ya tsare sharrin a jikinsa. A wasa na biyu kuwa, wanda ya fito a shekarar 2000, sai aka nuna sharrin ya rinjaye shi, shi da kansa ya zama dodon da wasu za su zo su yaƙa. Ashe ke nan kai da aka kayar, ka biya kuɗin awa ka fito ka hau zemijan, watau babur ɗin haya, ka tafi gida da goshinka lafiya lau, ka fi wanda ya ci nasara kyakkyawan ƙarshe.

Duk da haka ban ce ka haƙura ka bar shi ba, ɗana, domin abin da aka fara da wahalar hawa 15 bai kamata a yar da shi a bakin na 16 ba. Ka kwana, ka huta, gobe bayan la'asar ka koma wurin Griswold ya ɗinke maka sulke, ka cika gurbi 8 ɗin nan da jajayen kwalabe, ka yi ajiya a cikin gari, ka kuma biya mai shago bashin awar jiya kafin ka zauna.