Ku Masu Cewa Ɗan Ƙwallo Ba Ya Riƙon Aure

Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ku gyara zama, yau da ku nake. Musamman 'yan Madrid ɗin cikinku, masu hana unguwa barci da ihu daga gidan kallo.

Na san halinku. Da an ce Bature, kuma ɗan ƙwallo, ya yi shekara 56 da mace ɗaya, sai ku taɓe baki ku ce, "Malam, a dai rage gishiri." To babu gishiri a zancen nan. Sunansa Ferenc Puskas, mutumin ƙasar Hangari, haifaffen 1927. Kun san sunan, ko da ba ku san mai shi ba: kyautar FIFA ta ƙwallon da ta fi kyau a shekara, wadda Ronaldo ya fara ɗauka a 2009, Salah ya ɗauka a 2018, sunansa aka sa mata. Ya auri Erzsebet a 1950, kuma mutuwa ce ta raba.

Ga wani can daga Sheme ya ɗaga hannu: "Ai don yana da kuɗi ta zauna." Sauke hannunka, Alhaji. Gaskiya ne ta aure shi yana tashe. Ƙwallo 84 ya ci wa ƙasarsa a wasa 85, kuma shi ya ja tawagar da ta je har gida ta lallasa Ingila 6 da 3 a 1953. Amma a 1956 tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren mutanen Hangari, kusan mutum 200,000 suka tsere. Puskas yana waje da ƙungiyarsa ta Honved, ya ƙi komawa. Ƙungiyar ta soja ce, shi kuma manjo ne, don haka mai gudun aikin soja aka ɗauke shi. Aka dakatar da shi, ya yi kusan shekara biyu bai buga wasan gasa ba. Ba gida, ba albashi, sai tumbi da ya ajiye. A cikin wannan rikicin matar ta ɗauki 'yarsu ƙarama ta tsallaka iyaka zuwa Ostiriya ta bi shi. Wane kuɗi ta bi?

Sai a 1958 Real Madrid ta ɗauke shi, yana da shekara 31, da tumbin da komai. Bayan shekara biyu ya zura huɗu shi kaɗai a wasan ƙarshe na Kofin Turai, suka ci Frankfurt 7 da 3. Nan fa kuɗi ya dawo, kuma nan nake jiranku. Ku da masara ta yi daraja a kasuwar Dandume kaka ɗaya, kafin a gama ɗinke buhu har an aika tambayar 'yar gidan wane. Shi duniya ta dawo masa sabuwa, yana nan da uwargidansa.

"Ai dokarsu ce ta hana shi ƙarawa." Haka ne, ɗan Faskari, ka yi karatu. Sai dai dokar ƙari ta hana, ba ta hana saki ba, kuma taurarin ƙwallo nawa ne suka bi ta wannan ƙofar? Ni ban ce kada ku ƙara ba, abin da Allah ya halatta wane ni. Zancen riƙo nake.

"To mijin-ta-ce ne, ta wanke ta ba shi." Wannan kam na san daga Ƙanƙara ta fito. In wankin ne, lallai ya yi ƙarko, don aikin koci ya kai mutumin nan Girka, Saudiyya, Masar, har Ostireliya, auren bai girgiza ba. Da tsufa ya zo, a 2000 aka gano cutar mantuwa ta kama shi. Shekarunsa na ƙarshe a asibiti ya yi su a Budapest, matar tana kansa. Ya rasu ran 17 ga Nuwamba, 2006, yana da shekara 79. Ita ta rayu har 2015.

Abin da ya sa ma nake mamakin gardamarku, hijira ba labari ba ce a wajenku. Kun ga matan da suka saɓa goyo da dare suka bar ƙauye saboda 'yan bindiga, suka bi mazansu Funtuwa ko Katsina ba ko tabarma. Irin Erzsebet suna nan cikin gidajenku, ba a dai sa wa kofi sunan mazansu ba.

Na ji ɗan Sabuwa yana cewa a garinsu akwai tsohon da ya wuce 56 da uwargidansa. Na yarda, akwai. Amma wannan kakanka ne. Kai shekara nawa ka yi da taka?